Matar Da Ta Gano Yadda Abinci Ke Zama Ƙarfi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ba 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa tarihin wata mata, Gerty Cori, domin na ga akwai darasi a ciki.

An haife ta a 1896 a birnin Prague, wanda yau shi ne babban birnin ƙasar Cek. Mahaifinta manajan kamfanin sukari ne. A zamanin, makarantun 'yan mata ba su koyar da isasshen lissafi da kimiyya, sai ta zauna ta koya, ta ci jarrabawa, ta shiga makarantar likitoci a 1914. Can ta haɗu da Carl Cori, shi ma haifaffen Prague. Suka gama a 1920, suka yi aure, a 1922 suka koma Amurka.

To, me suka gano? Tuwon da ka ci yakan narke ya zama sukari, jiki ya ajiye wani a tsoka da hanta. In ka duƙufa huɗa, tsoka ta farfasa ajiyarta ta sami ƙarfi, sai wani sinadari mai tsami ya rage. Jini ya kai shi hanta, hanta ta mayar da shi sukari, ya sake dawowa tsoka. Sun bayyana wannan zagaye a 1929, har yau da sunansu ake kiransa.

Amma fa ta sha wuya. An gargaɗi mijin cewa aiki da matarsa zai dakushe shi, ya ƙi ji. Da suka koma jami'ar Washington a St. Louis a 1931, ushirin albashinsa aka yanka mata, alhali aiki ɗaya suke yi. Sai 1947 ta zama cikakkiyar farfesa, shekarar da suka sami lambar Nobel tare da Bernardo Houssay na Ajantina. Ita ce mace ta farko da ta same ta a fannin likitanci.

A shekarar ciwon ɓargo ya kama ta, duk da haka ba ta bar aiki ba, har ta gano musabbabin wata cutar hanta da ake haifar yara da ita. Ta rasu a 1957.

Jama'a, ina tambaya, da an cire ta daga makaranta, ko mijin ya biye wa masu zuga, wa ya yi asara? Kafin ka ɗora wa 'yarka farantin talla ran makaranta, ka tuna da wannan mata.

Naku,
Mai karatunku kullum,
Daga Funtuwa.