Tarihin Marigayi Louis Armstrong, Mabushin Ƙaho na Amurka

Duk wanda ya saba ɗora faifan kiɗan jaz a kan garmaho, da wuya a ce bai taɓa jin muryar nan mai kaushi ta Louis Armstrong ba. An haife shi ran 4 ga Agusta, 1901, a birnin New Orleans, a wata unguwa ta matalautan baƙaƙen fata. Tun yana jariri ubansa ya gudu ya bar su.

A daren ƙarshe na 1912 yaron ya harba bindiga sama don murnar sabuwar shekara, aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara. To, ashe a can arzikinsa yake. Wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa ƙaho irin na Turawa, har ya ɗora shi a kan sauran yara mabusa. Ya kamata malaman makaranta su riƙe sunan nan.

A 1922 maigidansa Joe Oliver ya kira shi Shikago, a 1923 kuwa aka fara ɗaukarsa a faifai. A zamanin nan babu na'urar lantarki, mabusa sukan taru ne gaban wani babban mazurari su yi ta busa a ciki. Faifan kuma mai saurin fashewa ne, fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3. Cikin wannan ɗan ƙanƙanen lokaci ya sauya kiɗan. Dā galibi mabusa tare suke tafiya, shi ne ya nuna mutum ɗaya na iya fitowa ya ƙaga busarsa nan take, saura suna mara masa baya. Mai son shaida ya nemi West End Blues na 1928. Da faifan roba mai dogon zango ya fito a 1948, sai aka tattara tsofaffin ayyukansa a kai. A 1958 kuma ya fitar da faifai guda na waƙoƙin coci irin na baƙaƙen Amurka.

Amma duk da sunansa, waɗansu 'yan'uwansa baƙaƙe suna zarginsa da yawan washe wa farare baki. A 1957 aka ga iyakar wannan zargi. Gwamnan Arkansas ya sa dakaru suka tare ƙofar wata makaranta a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙe 9 shiga. Armstrong ya fito fili ya soki Shugaba Eisenhower saboda jinkirinsa, ya kuma ƙi tafiya Rasha da gwamnati ke son aikensa. Mai cin abinci da tafin jama'a, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Har wa yau ya ƙaurace wa yin wasa a garinsu sai 1965, domin dokar da ta hana baƙi da fari yin kiɗa tare.

Ya zo Gana a 1956, Dokta Nkrumah ya karɓe shi. A 1960 ya zo Nijeriya, har ya gana da Sardauna Sir Ahmadu Bello a Kaduna. A 1964, yana da shekara 62, faifansa Hello, Dolly! ya ture na samarin Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Ya rasu ran 6 ga Yuli, 1971, a gidansa na Queens a New York, wanda aka mayar gidan tarihi.