Anas Ɗan Malik: Hadimin Manzo, Uban Zuriya

An haifi Anas ɗan Malik a Madina shekara 10 kafin Hijira, cikin Banu Najjar na ƙabilar Khazraj. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, saboda haka ya tashi a hannun mahaifiyarsa, Ummu Sulaim, da mijinta Abu Ɗalha. Da Annabi (SAW) ya iso Madina, sai Ummu Sulaim ta kai masa yaron domin ya riƙa yi masa hidima, ta kuma roƙi a yi masa addu'a. Manzo ya roƙa masa yalwar dukiya da yawan 'ya'ya da albarka cikin abin da aka ba shi.

Shekara 10 Anas ya yi a wannan gida, ana aikensa, yana ɗauko ruwan alwala, yana rakiya a tafiye-tafiye. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa tsawata masa ba, ko a tuhume shi kan abin da ya aikata ko ya bari. Abin da ya gani ya kuma ji a nan shi ne ya zama hadisai 2,286 da aka ruwaito daga gare shi.

Bayan wafatin Manzo, Halifa Abubakar ya tura shi Baharaini aikin zakka. A zamanin Halifa Umar ya koma Basra da zama, inda addu'ar nan ta bayyana ƙarara. Gonarsa kan ba da amfani sau biyu a shekara, 'ya'ya da jikokinsa kuwa suka haura ɗari. Ɗansa Musa da jikansa Sumama duk sun riƙe alƙalancin birnin.

Sai dai tsawon rai bai zo masa da daɗi zalla ba. Kafin Hajjaju ɗan Yusuf ya shigo Basra, Anas ya riga ya binne fiye da 120 daga cikin zuriyarsa. Hajjaju ma ya ci zarafinsa duk da furfurarsa, har sai da Halifa Abdulmalik ya tsawatar. Wannan bai hana shi karantarwa ba. A gabansa Hasanul Basri da Ƙatada da Sabitul Bunani suka durƙusa.

Ya rasu a shekara ta 93 bayan Hijira, bisa zance mafi rinjaye, yana da shekara 103. Almajirinsa Ibn Sirin ne ya yi masa wanka. Shi ne sahabi na ƙarshe da ya rasu a Basra.