Clarence Little: Mutumin da ya shigar da ɓera ɗakin bincike

A wajen manomin Gumel ko Gagarawa, ɓera ɓarawon rumbu ne kawai. Amma wani ɓangare na abin da likitoci suka sani game da yadda gado ke taka rawa a ciwon sukarin yara, daga bincike a jikin ɓeraye aka samo shi, kuma wanda ya share wannan hanya wani Ba'amurke ne mai suna Clarence Cook Little.

An haifi Little ranar 6 ga Oktoban 1888 a Brookline da ke jihar Massachusetts, ya kuma yi karatu a jami'ar Harvard a hannun masanin gadon halitta William Castle.

A 1909, tun yana ɗalibi, ya fara haɗa ɓeraye wa da ƙanwa suna haihuwa, ya sake haɗa 'ya'yansu, haka dai zuriya bayan zuriya. Da yawa kan mutu ko su daina haihuwa, amma idan aka kai zuriya ta 20, waɗanda suka rayu sun zama kusan tamkar tagwaye.

Amfanin hakan shi ne, idan ɓera ɗaya ya kamu da cuta ɗan uwansa bai kamu ba, mai bincike ya san ba daga gado bambancin ya fito ba. Irin farko da ya samar shi ne DBA, sannan a 1921 ya fitar da baƙin ɓeran nan C57BL.

Yana da shekaru 33 ya zama shugaban jami'ar Maine, a 1925 kuma ya koma ta Michigan. A can bai daɗe ba, domin ya yi ta janyo ce-ce-ku-ce da kiran da yake yi na ƙayyade iyali, da kuma aƙidarsa ta hana waɗanda yake ganin raunana ne haihuwa.

A 1929 ya kafa cibiyar bincike ta Jackson a Bar Harbor. Karayar tattalin arzikin da ta biyo baya ce ta sa cibiyar ta koma sayar da ɓeraye ga masana. Wannan ciniki ne ya cece ta a 1947, lokacin da gobarar daji ta ƙone ta tare da dubban ɓeraye: waɗanda suka taɓa saye suka riƙa maido mata da iri.

Shi dai Little ciwon daji ne ya dame shi, ba ciwon sukari ba. Sai dai a cibiyarsa ne George Snell ya gano rukunin ƙwayoyin gadon da ke koya wa garkuwar jiki bambanta nata da baƙo, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1980.

A shekarar ce kuma Susumu Makino da abokan aikinsa a Japan suka ba da labarin ɓeran NOD, wanda aka samar ta irin hanyar Little. Garkuwar jikinsa kan juya ta cinye ƙwayoyin da ke samar da insulin, kamar yadda ke faruwa ga yaron da sai da allura yake rayuwa, kuma matan sun fi mazan kamuwa.

Ta hanyar haɗa NOD da zuriyar C57BL, wadda ba ta kamuwa, masana suka riƙa ware sassan gadon da ke da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mafi ƙarfinsu na cikin rukunin da Snell ya gano, kuma haka abin yake ga ɗan Adam.

To amma imanin da Little ya yi da gado ya kai shi inda bai kamata ba. A 1954 ya karɓi muƙamin daraktan kimiyya na kwamitin binciken da kamfanonin taba suka kafa, ya kuma shafe shekaru yana nanata cewa ba a tabbatar sigari na haddasa ciwon dajin huhu ba, alhali hujjoji na ta taruwa. Abin takaicin shi ne, mutumin ya taɓa jagorantar babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, saboda haka maganarsa ta yi nauyi.

Ya mutu ranar 22 ga Disamban 1971 yana da shekaru 83. A 2018 jami'ar Michigan ta cire sunansa daga jikin wani gininta, ita ma ta Maine ta bi sahu a 2020.