Yohanna Ball, Firist na Talakawa

Yohanna Ball firist ne a ƙasar Ingila. Yakan yi wa'azi a fili, yana koya wa talakawa cewa dukan mutane 'ya'yan Adamu ne, Allah bai halicci kowa bawa ba. Saboda haka manyan ikilisiya suka hana shi wa'azi, suka sha ɗaure shi.

A 1381 haraji ya yi wa manoma nauyi, suka tasam ma London tare da Wat Tyler. Ball ya yi musu wa'azi a Blackheath. Maƙiyansa, waɗanda su ne suka rubuta labarinsa, suka ce shi ya zuga su. Da tawaye ya mutu, aka kama shi a Coventry, aka rataye shi ran 15 ga Yuli a gaban Sarki Richard, yaro mai shekara 14.