James Dewar, mutumin da ya ƙirƙiro filas

Duk gidan da ake zuba ruwan zafi a filas lokacin hunturu, a Doguwa ne ko a birnin Kano, ana cin gajiyar aikin James Dewar ne, masanin kimiyya ɗan yankin Sukotilan na Birtaniya.

An haife shi a garin Kincardine a shekarar 1842, kuma tun yana yaro ya rasa uwa da uba. Ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh, ya zama farfesa a Cambridge a 1875, amma a London ya gudanar da yawancin bincikensa.

Ba shayi ne ya dame shi ba. Burinsa shi ne ya sanyaya iskar gas har ta zama ruwa, ya kuma samu inda zai ajiye ta. A 1892 ya ƙera wani tulun gilashi mai bango biyu, ya zuƙe iskar da ke tsakaninsu, ta yadda zafi ba ya samun hanyar shiga sai da ƙyar.

A 1898 ya zama mutum na farko da ya mayar da iskar haidurojin ruwa, a sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Aikin na da haɗari: mataimakansa biyu kowanne ya rasa ido ɗaya.

Dewar mutum ne mai zafin rai, wanda ya ɓata da abokan aiki da dama. Wani ɗan ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya riga shi mayar da iskar hiliyom ruwa a 1908. Bai kuma yi rajistar mallakar tulun ba, don haka kamfanin Thermos ne ya kwashe ribar.

Ya rasu a London a 1923, amma har yanzu masana na kiran irin wannan tulu da sunansa, kuma ya kai sararin samaniya. Na'urorin da ke hango ɗumin taurari ba sa gani sai sun yi sanyi ƙarara.

Sai dai tulun ba ya samar da sanyi, riƙe shi kawai yake yi. Na'urar Herschel ta Turai ta tashi a 2009 da hiliyom fiye da lita 2,300. Da ya ƙare a watan Afrilun 2013, aikinta ya tsaya. A na'urar James Webb, wadda aka harba a 2021, injin sanyaya aka sa wa sashen da ya fi buƙatar sanyi.