Ismail al-Jazari

Badi'uz Zaman Abul Izzi ibn Isma'il ibn ar-Razzaz al-Jazari (1136–1206) injiniya ne Musulmi kuma maƙerin na'urori, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Artuƙawa a birnin Amid, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau. An fi saninsa da littafin da ya kammala a shekarar 1206, inda ya bayyana yadda ake haɗa na'urori hamsin, tun daga agogon ruwa har zuwa famfo da makulli.

Suna da rayuwa

Sunan al-Jazari nasaba ce zuwa al-Jazira, yankin da ke tsakanin kogin Dijla da na Furat ta wajen arewa. Badi'uz Zaman kuwa laƙabi ne, ma'anarsa wanda ba a ga irinsa ba a zamaninsa. Kusan duk labarin rayuwarsa daga gabatarwar littafinsa ya fito. A nan ya nuna cewa ya shafe shekara 25 yana yi wa gidan Artuƙawa hidima, tun daga zamanin Nuruddin Muhammad, sai ɗansa Ƙuɗbuddin Suƙman, sannan ɗan'uwan wannan, Nasiruddin Mahmud. Shi Nasiruddin ne ya umarce shi da ya rubuta abubuwan da yake ƙerawa don kada su ɓace.

Littafinsa

Cikakken sunan littafin shi ne Al-Jami' bainal Ilmi wal Amalin Nafi' fi Sina'atil Hiyal. Kalmar hiyal jam'in hila ce, wadda Hausa ma ta ara da ma'anar wayo ko dabara, amma a wajen malaman wancan zamani ilmin hiyal shi ne ilmin ƙera na'urori. An kasa littafin kashi shida: agogon ruwa da na kyandir, tasoshin sha na majalisar sarki, butoci da daruna na wanke hannu da na auna jinin da aka ɗiba, maɓuɓɓugan ado da sarewa masu busa kansu, injinan ɗebo ruwa, sai wasu abubuwa daban-daban. Kashi huɗu na farko kowanne yana da na'ura goma, biyun ƙarshe kuma biyar-biyar.

Al-Jazari ya ambaci waɗanda ya amfana da aikinsu, kamar 'yan'uwan nan Banu Musa na Bagadaza da suka rayu a ƙarni na 9. Inda ya sha bamban da su shi ne yadda ya rubuta don mai son ya ƙera da hannunsa. Yakan fara da siffar na'ura, ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya da awonsu da irin ƙarfe ko katakon da za a yi amfani da shi, ya sa wa kowane sashe harafi a jikin zane, sannan ya faɗi yadda ake haɗawa da gwadawa. Har ƙananan dabarun maƙera ya rubuta: manna falankai siri-siri a kan juna don kada katako ya lanƙwashe, fara yin samfuri da takarda, daidaita nauyin ƙafar inji don ta juya ba tangarɗa, da goge bawul da mazauninsa tare har su rufe ruf. Irin wannan ilmi a lokacin daga bakin maigida yake zuwa kunnen yaronsa, ba kasafai ake rubuta shi ba.

Wasu daga cikin na'urorinsa

Agogon giwa shi ya fi shahara. A cikin cikin giwar akwai tankin ruwa, a kansa kuma wata tasa mai 'yar huda a ƙasa tana yawo. Ruwa yana shiga tasar a hankali har ta nitse cikin rabin awa. Idan ta nitse sai ta ja igiya, igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga saman hasumiyar da ke bayan giwar. Ƙwallon yakan fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sa macijin ya sunkuyo, wannan sunkuyowa kuma ita ke ɗago tasar daga ruwa ta sake farawa. Daidaiton agogon gaba ɗaya ya dogara ga girman wannan 'yar huda.

Akwai kuma daron wanke hannu mai siffar ɗawisu. Ruwa yana zubowa daga bakin tsuntsun, kuma yayin da ruwan da aka yi amfani da shi yake taruwa a ƙasa yana ɗaga abin da ke yawo a kansa, sai mutum-mutumi ya fito da sabulu, daga baya wani ya fito da tawul. A kashi na ƙarshe ya bayyana makullin akwati mai faifai huɗu, wanda ba ya buɗewa sai an jera haruffan Larabci yadda mai shi ya tsara, da kuma babbar ƙofar tagulla da ya yi wa fadar Amid.

Mafi yawan waɗannan kayan fada ne na burge baƙi. Injinan ɗebo ruwa ne suka shafi aikin yau da kullum. Na biyar ɗinsu famfo ne mai fistin biyu masu fuskantar juna: ruwan kogi yana juya ƙafar inji, ita kuma ta kaɗa wani sanda hagu da dama, yayin da fistin ɗaya yake zuƙo ruwa ɗayan yana tura shi sama ta bututu. Shafukan intanet da yawa suna cewa shi ne farkon wanda ya haɗa inji mai mayar da juyawa ta zama kai-da-komo. Wannan zuzutawa ce, domin an samu hoton irin wannan haɗi a jikin wani injin yankan dutse na Rumawa a Hiyerapolis tun ƙarni na 3.

Bayan rasuwarsa

An yi ta kwafar littafin da hannu tsawon ƙarnoni, kuma kwafi mafi tsufa yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. Donald Hill, injiniya ɗan Ingila, ya fassara shi zuwa Turanci a 1974, Ahmad Yusuf al-Hassan kuma ya buga nassin Larabcin a Halab a 1979. Saboda cikar bayaninsa an iya sake ƙera wasu na'urorin a wannan zamani, ciki har da ƙaton agogon giwa da ke kasuwar Ibn Battuta a Dubai.