Shao Yong, malamin da ya jera alamu 64

Za mu leƙa ƙasar Sin ta zamanin daular Song, domin mu kawo muku tarihin wani malami da ya ƙi sarauta, ya zaɓi zaman lissafi. Sunansa Shao Yong. An haife shi wajen shekara ta 1011, ya tashi a Gongcheng, cikin lardin Henan na yanzu. An ce a ƙuruciyarsa ba ya jin wuta da ɗari, ba ya fifita da bazara, saboda nacin karatu. Hakimin garin, Li Zhicai, ya ji labarinsa, ya same shi har gida, ya koya masa ilimin alamun Yijing.

Yijing tsohon littafin duba ne da hikima. An gina shi bisa layi iri biyu: cikakke, wato yang, da mai tsinkewa a tsakiya, wato yin. In aka ɗora layi shida bisa juna, ana samun alamu 64, ba ƙari ba ragi. Wanda ya taɓa ganin bugun ƙasa, mai alamu 16, zai gane hanyar nan take. Abin da Shao Yong ya yi shi ne jera alamun ta hanyar ninki: ɗaya ya haifi biyu, biyu su haifi huɗu, huɗu su haifi takwas, har a kai 64. Zanen da aka gada daga gare shi da'ira ce, alamar sama, da murabba'i a cikinta, alamar ƙasa. Bai tsaya nan ba, ya auna zamanin duniya da lissafi, ya ce kowane zagaye shekara 129,600 ne.

Daga baya ya koma birnin Luoyang cikin talauci. Manyan mutane irin su Sima Guang, marubucin tarihi, suka haɗa kuɗi suka saya masa gida da lambu. An yi masa tayin muƙami ba sau ɗaya ba, ya ƙi. Amma da sauye-sauyen waziri Wang Anshi suka fara a 1069, almajiransa masu riƙe da muƙamai suka so yin murabus, sai ya hana su, ya nuna musu cewa sassaucin da suke iya yi wa talaka ya fi fushinsu amfani. Ya rasu a 1077.

Zanensa ya yi doguwar tafiya bayansa. A watan Nuwamba na 1701 wani limamin Kirista Bafaranshe, Joachim Bouvet, ya aika da shi daga Pekin zuwa ga Leibniz, masanin lissafi na Jamus. Leibniz ya karanta layi mai tsinkewa a matsayin 0, cikakke a matsayin 1, sai ya ga lambobi daga 0 zuwa 63 jere reras, bisa lissafin nan nasa mai alamu biyu wanda na'urori masu ƙwaƙwalwa ke aiki da shi a yau. Ya buga bayani a kai a 1703, amma ya jingina zanen ga Fu Xi, sarkin almara.

Tsakanin 1961 da 1966 kuma masana suka warware rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Haruffansa huɗu ne, ana karanta su uku-uku, kalmomi 64 ke nan. Tun daga lokacin wasu marubuta ke cewa mutanen Sin na dā sun san sirrin gado. A ganina an yi wa malamin ƙarin gishiri. Lissafin 2×2×2×2×2×2 da na 4×4×4 dole su haɗu a 64, ko a Luoyang ko a ɗakin bincike. Cikin kalmomin gado, 61 suna nuna tubala 20 da jiki ke gina furotin da su, uku kuwa alamar tsayawa ce, kuma babu ko ɗaya daga cikin wannan rabo a da'irar Shao Yong.